Madubin Saiti a Dajin Katagum

A shekarar 1824 Baturen nan Clapperton ya sauka garin Katagum, Sarki Ɗankauwa ya nemi ya ga aikin bindigarsa. Aka kafa alama, baƙon ya harba sau biyu daga nisan yadi 60 zuwa 70, bai kuskure ko ɗaya ba, sarki ya yafa masa riga. Nisan nan da kaɗan ya ɗara rabin filin ƙwallo. Yau kuwa samarin Azare kan miƙo mini waya in ga bindigogi masu madubi a ka, ana kayar da dabba daga mita 500. Da yake sun san gidan maharba na tashi, sai su ce, "Baba, wane madubin ya fi?"

Ni kuma sai in ce, a kan wace bindiga? Kawuna adaka ya riƙe har tsufansa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Cikinta sumul yake, babu zaren da zai murza harsashi ya tafi a miƙe, don haka in abu ya wuce taki 40 ko 50, sai dai sa'a. Mai baki biyu ma bajintarta a kusa take. Ɗora wa waɗannan madubi tamkar ɗaura wa jaki sirdin doki ne. Madubin an yi shi ne don bindiga mai zare a ciki, ita kuwa dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba lasisi ba. Adakar ma dokar ba ta ƙyale ta ba.

Wanda ya cika wannan sharaɗi, to ya koyi karanta lambobin da ke jikin madubin. In ya ga 3-9x40, ana nufin yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashin gaba kuma faɗinsa milimita 40 ne. A raba 40 da 9, za a sami huɗu da ɗoriya: faɗin hasken da ke isa ƙwayar ido ke nan a milimita. Yaro ya ga mai ninki 24 sai ransa ya biya, bai san cewa da gilashi iri ɗaya hasken ba zai kai milimita 2 ba. Da asuba da almuru, lokacin da naman daji ke fitowa kiwo, duhu kawai zai gani.

Ƙasarmu ma ba ta son babbar lamba. Madubi ba ya zaɓen abin da zai ƙara wa girma. Da bazara, fako ya ɗauki zafi, kawalwalniya na rawa, sai ya ninka rawar har dabba ta narke a ido. Da hunturu hazo yake ninkawa. Rawar hannu da bugun zuciyar maharbi ma duk ya ƙara su. Shi ya sa na fi yarda da mai ninki 3 zuwa 9, a bar shi a kan 4 yawancin lokaci, kuɗin kuma a zuba su a gilashi mai tsabta da maɗauri mai ƙarfi. Ya zama rufaffe ruf, ƙura ba ta shiga. A bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninsa da ido, in ba haka ba bindiga na tokarowa ya tsaga gira.

Abin da ya fi damuna ba na kasuwa ba ne. Daga Azare zuwa Gamawa, zuwa Itas, har fadamun kogin Jama'are, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, in ka ɗebe duwatsun Shira, kuma ko'ina da mutane. Harsashin bindiga mai zare yana iya wuce kilomita 3 kafin ya faɗi. Madubi kuma yana ƙuntata gani: kana kallon kafaɗar dabba, ba ka ganin ɗan Fulanin da ke bayan sabara da shanunsa, ko matar da ke tsintar itace. Kada kowa ya leƙa ta madubin bindiga don ya gane abin da ke motsi, domin duk inda ya duba, nan bakin bindiga ya duba. Madubin hannu, mai ido biyu, shi ne na bincike.

Sannan ina manyan dabbobin? Gwanki da kanki da ɓauna da kakanninmu ke ba da labari, yau sai a gandun dajin Yankari, can kudancin jiharmu, wanda aka killace tun 1956, harbi kuma haramun ne a ciki. 'Yan farautar rani da ke cika mota da karnuka, zomo da zabo da damo suke dawowa da su, in an yi dace a haɗa da gada. Kawuna burtu yake ɗaurawa a goshi, ya duƙa, ya bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, yana kwaikwayon tsuntsun yana sanɗa har ya kusa. Ban taɓa jin ya bar dabba ta tafi da rauni ta mutu a banza ba, kuma wannan nake so samarinmu su gada.

Mai lasisi da ya sayi madubi, ya kafa takarda a mita 100, inda tudu ke bayanta, ya harba uku. In ramukan ba su taru a faɗin tafin hannu ba, bai isa harbin mai rai a wannan nisa ba tukuna. Ya kuma sake gwadawa duk sanda bindigar ta sha jijjigar babur a yashi, don saiti na gocewa.