Shafin Dariya: Daga Ina Amurkawa Suka Samo Kalmar «Funnies»?

A yawancin jaridu akwai wani shafi da mai karatu kan fara leƙawa kafin ya kai ga labaran siyasa, wato shafin zane-zanen barkwanci, wanda Faransawa ke ce wa BD. Amurkawa kuwa, a maganarsu ta yau da kullum, suna kiransa «funnies», ma'ana abubuwan ban dariya.

Asalin kalmar daga «fun» ne, wadda a ƙarni na 17 take nufin zolaya ko yi wa mutum wayo, kafin daga baya ta koma nufin nishaɗi. Daga cikinta aka samu «funny», wato abin da ke sa dariya. Kasuwanci ne ya ɗora kalmar a kan jarida. A shekarar 1895, jaridar New York World ta Joseph Pulitzer ta soma buga zanen Richard Outcault na wani yaro mai doguwar riga rawaya a fitowarta ta ranar Lahadi. Jama'a suka yi ta rububinta, har abokin gabarsa William Hearst ya janye mai zanen zuwa jaridarsa a 1896. Sai jaridu da dama suka ware shafuna masu launi domin dariya, mutane kuma suka laƙaba musu wannan suna.

Darajar shafin ta fito fili a watan Yuli na 1945, lokacin da masu rarraba jaridu a New York suka shiga yajin aiki. Magajin garin, Fiorello La Guardia, da kansa ya zauna gaban na'urar rediyo yana karanta wa yara zane-zanen.

A ƙasarmu, ma'aikata da dama sun fara sanin irin wannan zane ne a lakkol, ta mujallar Kouakou da aka soma bugawa a 1966. Bayan fitowar jaridar Haske a 1990 da Babban Taron Ƙasa na 1991, jaridu masu zaman kansu suka yawaita a Yamai, zanen zolayar manya ya samu wuri. Amfaninsa a bayyane yake: ɗan kasuwar da bai iya Faransanci ba yana gane hoton minista da ƙaton tumbi ba tare da tafinta ba.

Ga mutanen Dogondutsi da Tibiri kuwa, abin ba baƙo ba ne. Wasan da ke tsakanin Arawa da Fulani ya daɗe yana ba mutum damar faɗa wa ɗan'uwansa gaskiya mai ɗaci cikin raha, ba tare da an kai ga faɗa ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan Adam.

Sai dai wasan taubasai yana da ƙa'ida: wanda aka zolaya ba ya fushi, mai zolaya kuma ba ya taɓa mutunci. Mai zane da mai mulki, dukansu biyu suna buƙatar wannan ƙa'ida, domin ranar da ɗaya ya karya ta, mai sayen jarida ne ke asara.