Kyamarar Fim da Keken Tela

Ranar jajibirin sallah, in aka ɗauke wuta, a nan ake sanin darajar keken ɗinki na ƙafa. Masu na lantarki sun naɗe hannu suna jiran tsammani, mai tsohon Butterfly kuwa ƙafa kawai yake kaɗawa, ɗinki na tafiya. Tsofaffin kyamarorin fim ma haka suka rabu gida biyu.

Pentax K1000 keken ƙafa ce. Kamfanin Asahi na Japan ya fitar da ita a 1976, ba a daina ƙera ta ba sai 1997. Cikinta sifirin ne da ƙananan haƙoran ƙarfe. Ka ja hannun naɗe fim da babban yatsa, ka ɗana ta ke nan. Ka danna, labulen ciki ya buɗe ya rufe. Ɗan batirin da ke gindinta aikinsa ɗaya tak, motsa allurar ma'aunin haske. In ya mutu, mai hoton da ya san rana da inuwa sai ya kintata da ido, aiki ya ci gaba. Nikon FM2 ta 1982 ta fi ta burgewa: da sifirin kaɗai take ƙyafta labule cikin kashi ɗaya bisa 4000 na daƙiƙa.

Canon AE-1 sa'ar K1000 ce, shekararsu ɗaya. Ta fi daɗin sarrafawa, don ita ke zaɓa maka faɗin kafar haske, shi ya sa aka saye ta miliyoyi. Amma batir na ƙarewa, ko ƙyas ba za ta yi ba. In kuwa lantarkin cikinta ya lalace, sai dai a nemo wata matacciya a ciro kayan gyara.

Ba wai ta ƙarfen ba ta ciwo ba ne. Tana yi, irin na keken da aka jingine a lungu. Man da ke cikinta yakan daskare, motsinta ya yi nauyi. Soson da ke gefen murfin baya yakan narke ya koma baƙin danƙo, haske ya sulale ya ɓata fim. Duka biyun makaniki mai haƙuri yana maganinsu: ya wanke, ya ɗiga sabon mai, ya canza soso.

Saboda haka mai sayen tsohuwa kada ƙyallin jiki ya ruɗe shi. Ya buɗe murfin baya, ya saita ta a daƙiƙa ɗaya, ya danna, ya kasa kunne. In labulen ya yi jan ƙafa kafin ya rufe, a cire kuɗin makaniki daga farashi.