Farantin Talla Ya Koma Cikin Waya

Wajen ƙarfe takwas na safe, kafin rana ta yi zafi, maƙwabciyarmu takan shimfiɗa farin zanin gado a tsakar gida, ta warware turmin atamfa a kai, ta taka kujera da waya a hannu. Sai ta ɗauki hoto goma kafin ɗaya ya yi mata. Ta ce hasken wannan lokacin ne kaɗai ba ya yi wa launi ƙarya, don fitilar ɗaki tana mayar da ruwan hoda ja, rana tsaka kuma ta kashe shuɗi ya zama kamar ya sha wanki. Daga Kantin Kwari take saro kayan. Ba ta da shago, ba ta da rumfa, amma kullum mai babur sai ya tsaya a ƙofar gidan ya kwashi ƙunshi zuwa tasha, wani na Abuja, wani na Jos. Mahaifiyarta ma sana'ar cikin gida ta yi, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai dai ita yara take ɗora wa faranti su zaga unguwa. Yanzu farantin ya koma cikin waya, unguwar da yake zagawa kuwa ita ce Instagram.

Asali ba don ciniki aka yi manhajar ba. Wasu matasa biyu a Amurka, Kevin Systrom da Mike Krieger, suka fito da ita a watan Oktoban 2010 don mutane su riƙa ɗora hotunan da suka ɗauka da waya. A Afrilun 2012 kamfanin Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye ta a kan kusan dala biliyan ɗaya, alhali ma'aikatanta 13 ne kacal. Wanda ya zube irin wannan kuɗi ai ba sadaka ya bayar ba. Kafin ƙarshen 2013 tallan kuɗi ya fara kutsowa tsakanin hotunan abokai, a 2016 kuma aka yi canjin da har yau yake juya rayuwar duk mai sayar da kaya a wurin.

Kafin 2016, abin da aka ɗora na ƙarshe shi ke sama, kowa ya bi layi. Kamfanin ya ce mutane ba sa ganin kusan kashi 70 cikin 100 na abin da waɗanda suke bi suka ɗora, don haka ya miƙa aikin jera hotuna ga wani tsarin lissafi na kwamfuta, wanda ke hasashen abin da zai fi riƙe idon kowane mutum. Ma'ana, mai mabiya dubu goma ba mutum dubu goma ne ke ganin hajarta ba. Tsarin yana lura da abin da waɗanda suka fara gani suka yi: sun tsaya ko sun wuce, sun danna alamar so, sun yi sharhi, sun ajiye, sun tura wa wani. Idan sun wuce, hoton ya kwanta ke nan. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya sha faɗa cewa daga cikin manyan ma'aunan akwai tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, da alamar so, da yawan tura abu ga wani, kuma turawar ce ta fi taimakawa wajen isa ga waɗanda ba sa bin shafin. Wato hoton da amarya za ta aika wa ƙawarta ta ce mata "kin ga ankon da ya kamata mu fitar" ya fi sharhin "Masha Allah" ɗari amfani.

Nan ne masu sayen mabiya ke cutar kansu. Akwai masu karɓar kuɗi su cika wa mutum shafi da sunaye dubu ashirin cikin dare ɗaya, sunayen da ba kowa a bayansu. Taron tsintsiya ne ba shara. Ba su saye, ba su turawa, sai tsarin ya ga tarin mabiya sun yi tsit, ya ɗauka kayan ne ba su da farin jini. Tun a Disamban 2014 kamfanin ya taɓa yin sharar shafukan bogi, har wasu fitattun mawaƙan Amurka suka wayi gari miliyoyin mabiyansu sun ɓace.

Hoton ma kansa ya rage daraja. An kawo Stories a 2016, wanda ke gogewa bayan awa 24, sai Reels na gajerun bidiyo a 2020 don a yi gogayya da TikTok, kuma a 2021 Mosseri ya fito fili ya ce Instagram ta wuce matsayin manhajar hotuna kawai. Wannan bai zama asara ga ƴan kasuwarmu ba. Leshi sai an girgiza shi ake ganin walƙiyarsa, turaren wuta sai hayaƙinsa ya tashi daga kasko, kilishi sai an ji ƙarar karya shi. Bidiyon daƙiƙa goma sha biyar da hannun mai kaya da muryarta a ciki ya fi hoton da aka kwafo daga shafin wani kamfani na Dubai shiga rai.

Akwai ɗabi'a ɗaya da na kasa gane amfaninta, ita ce ɓoye farashi. Za ka ga abaya ta burge ka, ka duba ƙasa, sai ka tarar an rubuta a yi magana ta inbos. Masu yin haka suna da hujja: dala ba ta zama wuri ɗaya, kuma abokan sana'a na leƙe don su karya farashi. To, amma a kasuwar Kurmi idan ka taya aka ce albarka, kana tsaye ne gaban mai kaya, za ku daidaita nan take. A waya kuwa mai tambaya zai jira awa uku kafin a ce masa "akwai", ya sake jira kafin a faɗi kuɗi, lokacin tuni ya saya a wani shafin da ya rubuta farashinsa ɓaro-ɓaro. Wata ma kunyar tambaya take ji, kada a faɗi abin da ya fi ƙarfinta.

Duk wannan dabara ce. Jarin gaske amana ne, domin cinikin Instagram cinikin biri a sama ne, kuɗi ke fara tafiya kafin kaya. Ƙanwata ta taɓa tura kuɗin leshi ruwan zuma saboda bikin wata ƙawarta, bayan kwana biyar aka kawo mata wani abu ruwan ƙasa, shara-shara, da ko labule ba zai yi ba. Da ta yi ƙorafi sai aka toshe ta. Masu sana'ar da suka daɗe ba haka suke yi ba. Sukan faɗi aibin kaya tun kafin a tambaya, kamar yadda malaman fiƙihu suka wajabta tun ba a san waya ba, su bayyana sharaɗin mayar da kaya, su nuna saƙon godiyar wanda ya saya bayan sun nemi izininsa. Su ma suna shan tasu wahalar, don alat na bogi ya sa da yawa ba sa sakin kaya sai sun buɗe asusu sun ga kuɗi sun zauna.

Sai batun ba fitattun mutane kuɗi su yabi kaya, abin da taurarin Kannywood da mawaƙa suka mayar hanyar samu. Dillanci ne, kuma la'ada ba haram ba ce, matuƙar mai kallo ya san an biya. A Oktoban 2022 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka ta sa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin intanet a Instagram ba tare da ta bayyana dala dubu 250 da aka ba ta ba. A Najeriya ma dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta haɗa da tallan da ake yi a shafukan sada zumunta, mai sayar da man shafawa ko maganin mata kuma yana buƙatar rajistar NAFDAC, ko da daga ɗakinsa yake aiki. Wanda ya gwammace ya biya Meta kai tsaye yana iya zaɓar gari da shekaru da jinsin waɗanda za su ga tallansa, a kan kuɗin kuma akwai harajin kashi 7.5 da aka fara ɗorawa a Janairun 2022. Mai kek a Kaduna ba ta da dalilin biyan kuɗi don mutanen Fatakwal su gani.

Abin da aka fi mantawa shi ne rumfar Instagram ta haya ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Instagram da Facebook da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida, babu wanda za a kai wa ƙara. A shekarar ce gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, masu ciniki a can suka yi wata bakwai suna laluben hanya. Ban da ɓarayin shafi, masu turo saƙo kamar daga kamfani suke, su karɓi lambar sirri, su kwace aikin shekara biyar cikin minti biyar, su shiga damfarar abokan cinikin mai shafin da sunanta.

Maƙwabciyar tamu tana da wani littafi mai baƙar fata da take rubuta suna da lambar waya da garin duk wanda ya taɓa sayen ko da ɗankwali ne a hannunta. Hajiya, idan ke ma a waya kike talla, ki kunna makullin tsaro mai mataki biyu a shafinki a yau, gobe kuma ki aika a sayo miki irin wannan littafin.