Kayan Koyar da Yaro a Gida Kafin Ya Shiga Makaranta: Ina Ake Samunsu?

Tsakanin ranar da aka yaye yaro da ranar da aka kama hannunsa aka kai shi makaranta akwai shekaru uku ko huɗu, waɗanda galibin iyaye suke ɗauka tamkar lokacin jira ne kawai, alhali kuwa masana halittar ɗan Adam sun tabbatar da cewa kafin yaro ya cika shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta riga ta kai kimanin kashi 90 cikin 100 na girman ta baligi. Saboda haka iyayen da suka yi niyyar koyar da 'ya'yansu a gida cikin waɗannan shekaru, ko domin makarantar nazare ta yi musu tsada, ko domin ta yi nisa, ko kuwa domin sun fi son tarbiyyar farko ta kasance a gaban idonsu, sun yi niyya mai kyau. Sai dai da yawa daga cikinsu sukan karaya tun ba su fara ba, domin sun ga hotunan ajujuwan ƙasashen waje cike da kayan wasa masu launi iri-iri, sun kuwa duba ɗakinsu ba su ga ko ɗaya ba. Abin da wannan maƙala take son bayyanawa shi ne, kayan aikin hannu da yaro yake bukata ba su da wuyar samu a kowane gida, kuma fa'idarsu tana rataye ne ga babban da zai zauna tare da yaron, ya yi masa magana sa'ad da hannuwansa suke aiki.

Malamai magabata ba su jahilci matsayin wasa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi bayani cikin Ihya'u Ulumiddin, inda yake magana a kan tarbiyyar yara, cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga karatu, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya shiga neman dabarar gudun karatun baki ɗaya. Tun kafinsa kuma Ibnu Sina, likitan da ya rasu a shekarar 1037, ya ga dacewar a miƙa yaro ga malami idan ya kai shekara shida, a kuma bi shi sannu a hankali. In har wannan shi ne hukuncinsu a kan wanda ya isa ɗaukar allo, to, ina ga ɗan shekara uku, wanda yatsunsa ba su ma ƙware da riƙe alƙalami ba?

Wanda ya fara tsara wasan ƙananan yara ya mai da shi manhaja a Turai shi ne wani Bajamushe mai suna Friedrich Froebel, wanda ya buɗe gidan wasa da aikin hannu na yara a garin Blankenburg a shekarar 1837. Duk wanda ya duba kayan da ya tanada zai yi mamakin sauƙinsu: ƙwallaye shida na zaren ulu masu launi daban-daban, da mulmulallen katako, da wani katako mai kusurwa wanda aka raba gida takwas domin yaro ya wargaza ya sake haɗawa, sa'an nan da yumɓu, da tsinkaye, da takardar naɗewa da ta saƙa. Bayansa da shekara saba'in, a watan Janairu na 1907, wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe ɗakin yara a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, unguwar talakawa 'yan ƙwadago, inda ta sa yara shara, da wanke hannu, da ɓalla maɓalli, da zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, ta kuma yanka haruffa da takarda mai kaushi domin yaro ya bi surar harafi da yatsa tun bai fara rubuta shi ba. Kayan da ake sayarwa yau da sunan waɗannan mutane biyu suna da tsada ƙwarai, amma asalin hikimarsu ba ta wuce abu guda ba, watau yaro ƙarami yana fahimtar abin da ya taɓa, ya ɗaga, ya jera, fiye da abin da aka faɗa masa da baki kawai.

Hujja mafi ƙarfi kuwa ta fito ne daga tsibirin Jamaika. A shekarun 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka zaɓi yara 129 daga unguwannin matalauta na birnin Kingston, 'yan wata tara zuwa shekara biyu, waɗanda ƙarancin abinci ya tauye girmansu, suka kasa su kashi huɗu. Wani kashi aka riƙa ba shi madara kowane mako, wani kashi kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa ziyartar gidansu sa'a guda a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, da yadda za ta riƙa ambata masa sunayen abubuwa tana yaba masa, tana kuma barin kayan wasa na ƙirar gida. Kashi na uku ya sami duka biyun, na huɗu kuwa kulawar asibiti kaɗai. Da aka bi sawun yaran bayan shekara ashirin, kamar yadda aka buga a mujallar Science a shekarar 2014, sai aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin 100, alhali tasirin madarar ita kaɗai bai daɗe ba. Abin lura a nan shi ne, kayan wasan nan ba na kanti ba ne, kuma aikin ma'aikaciyar bai wuce koya wa uwa ba. Uwa ce malamar sauran kwanaki shida.

To, in an fahimci haka, sai a waiwayi gida da idon basira. Ma'adini na farko shi ne gona da bayan gida. Karan dawa kaɗai ya isa manhajar wata guda, domin idan aka ɓare ɓawonsa aka sami sili-sili, aka kuma yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, yaro yana iya soka wannan cikin wancan ya ƙera mota, ko tabarau, ko gado, ko keji, kamar yadda yaran karkara suke yi tun kaka da kakanni, sai dai babba ne zai yi ɓarar domin ɓawon yana yanka. Yumɓu kuwa, wanda ake samu a bakin kududdufi ko wajen maginan tukwane, shi ne ya fi kome ƙarfafa yatsu, domin mulmulawa da murzawa da matsawa su ne ainihin motsin da riƙe alƙalami zai nema daga baya. Akwai kuma kaba domin saƙa mai sauƙi ta sama da ƙasa, da ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya domin ƙidaya, da yashi mai laushi wanda za a baza a faifai ko a tire, yaro ya riƙa zana layi da da'ira da yatsa, in ya ɓata ya shafe ya sake, ba asarar takarda ba tsoron tsawa.

Ma'adini na biyu shi ne masu sana'a na unguwa, waɗanda abin da suke zubarwa kullum ya fi abin da yaro zai iya ƙararwa. Tela yana da ƙyallaye masu launi da kaushi daban-daban, waɗanda za a ɗinka 'yar tsana da su, ko a ce yaro ya haɗa kowane ƙyalle da ɗan'uwansa, da farko yana gani, daga baya idonsa a rufe. Kafinta yana da guntayen katako, waɗanda in an goge kaifinsu aka tabbatar babu ƙusa, sun zama tubalan gini irin na Froebel ba tare da an biya ko kwabo ba. Mai shago yana da kwalaye da marafan kwalba, mai faskare yana da ɓawon itace, baduku yana da guntun fata da za a huda, yaro ya riƙa zura igiya cikin hudojin. Ziyarar da kanta darasi ce, domin yaron da aka tsaya da shi ya ga maƙeri yana zuga, ko marini yana tsoma zane cikin baba ya fito da shi kore sa'an nan iska ta mai da shi shuɗi a gabansa, kamar yadda ake gani a marinar Ƙofar Mata a Kano, zai komo gida da tambayoyi da sababbin kalmomin da babu littafin da zai ba shi.

Ma'adini na uku shi ne madafa. A dama garin rogo ko fulawa a dafa shi ya yi kauri, ya zama abin liƙa takarda. Ƙaro da aka jiƙa ma yana yin wannan aiki. Ruwan zoɓo yana ba da ja, kurkum yana ba da rawaya, gawayi yana ba da baƙi, tsinken da aka tauna bakinsa kuwa ya zama abin shafa launi. Tsintar wake, da ɓarar gyaɗa, da rarrabe masara daga dawa, da auna hatsi da ludayi a ƙidaya ludayi nawa ne ya cika ƙwarya, duka hisabi ne da horon yatsu a lokaci guda, ga kuma ladabin taimakon uwa. Tuwon ƙasa da 'yan mata suke yi, da wasan kasuwa inda ganye yake zama kuɗi, bai kamata a raina su ba, domin yaron da ya iya ɗaukar ganye a matsayin kuɗi ya riga ya taka matakin farko na fahimtar cewa alama a kan allo tana iya tsayawa a madadin sauti.

Amma fa tara kaya ba shi ne koyarwa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware wa yaro kwando ko kwali guda, a sa abu uku ko huɗu kawai a ciki, a riƙa sauya su mako-mako, domin yawan kaya a gaba ɗaya yana raba hankali. Zama na minti goma zuwa goma sha biyar ya isa ga ɗan shekara uku, kuma da an ga ya fara ƙosawa sai a sallame shi. Babba ya nuna sau ɗaya a hankali, sa'an nan ya janye hannunsa, ko da motar karan ta fito a karkace, domin idan uwa ta karɓa ta gyara, ita ce ta koyi ƙira, yaron kuwa ya koyi cewa aikinsa bai isa ba. A madadin gyara sai a yi tambaya: "Wanne ya fi tsawo?" "In ka cire ɗaya saura nawa?" "Me zai faru in mun ƙara ruwa?" A yi wannan duka da harshen da yaro ya tashi da shi, a fara da bisimilla, a ƙare da tattara kaya da wanke hannu, da dare kuma a bi da tatsuniya da kacici-kacici, a bar shi ya maimaita labarin da bakinsa. Game da wayar hannu kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada zaman kallonsa ya wuce sa'a guda a yini, kuma ya sami aƙalla sa'a uku na motsa jiki. Saboda haka in an sami wata dabarar aikin hannu a intanet, ya fi kyau uwa ta kalla ita kaɗai, sa'an nan ta ajiye wayar ta zo su yi tare.

Wajibi ne kuma a yi gargaɗi, domin ba kowane abu na kyauta ne yake da aminci ba. Yaron da bai kai shekara uku ba, ko wanda har yanzu yake kai kome baki, ba a ba shi tsaba, ko maɓalli, ko marfin kwalba, domin suna shaƙewa, suna kuma shigewa hanci da kunne. 'Ya'yan idon zakara, duk da kyawun jansu, guba ne mai kisa, haka nan 'ya'yan zurma da na binidazugu, ƙaron tumfafiya kuwa yana cutar ido. Ƙaramin batirin agogo in an haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Kada a ɗebo ƙasa ko yumɓu daga inda ake niƙa dutsen zinariya ko fasa batirin mota, domin ba a manta da musibar gubar dalma ta Zamfara a shekarar 2010 ba, wadda ta hallaka yara ɗari huɗu ko fiye, galibinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. Mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na feshi ba ya zama abin wasa ko an wanke shi, kuma a kakkaɓe kara kafin a miƙa wa yaro saboda kunama.

Daga ƙarshe, kada wani ya ɗauka cewa wannan koyarwa ta gida tana ɗauke wa uba nauyin kai ɗansa makaranta idan lokaci ya yi. A Nijeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta karatun firamare da na ƙaramar sakandare a kan kowane yaro, makarantar allo da Islamiyya kuma suna da nasu haƙƙi. Maƙasudin shekarun nan shi ne yaro ya isa gaban malami yana iya zama ya saurara, yana iya riƙe alƙalami ba da wahala ba, yana da kalmomi da yawa a bakinsa, kuma bai ji tsoron gwada abu ya kuskure ba. Wannan kuwa aiki ne da bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba, domin uba, da kaka, da yayye, kowa yana da abin da hannunsa ya iya. Idan gidaje uku ko huɗu na maƙwabta suka haɗa kai, kowace uwa ta ɗauki yini guda a mako, wannan ta koya saƙa, waccan ta koya ƙidaya, nauyin zai yi sauƙi, yaran kuma su koyi zama da juna da jiran layi. Allah Ya raya mana zuriya bisa tarbiyya tagari, Ya sanya albarka cikin abin da muke koya musu.