Gidan da Ba a Jin Kansa

Shirinmu na musamman na yau bai shafi ma'auratan da ake kai wa gaban alƙali ba. Muna magana ne a kan gidan da ake zaune lafiya, tukunya ba ta kwana a kife, maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba. Sai dai shekara da shekaru hirar ba ta wuce "An kawo cefane?" da "Yara sun yi barci?" Irin wannan aure ba ya mutuwa, amma yakan tsufa tun masu shi na da sauran ƙuruciya.

A nan Sakkwato ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aure bai sa ta naɗe tabarmar karatu ba. A ɗakinta ta ci gaba da nazari, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Bayan rasuwar Bello a 1837, mata da miji suka duƙufa wajen adana tarihin Shehu da jama'arsa. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu. Ita kuma ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa mata jagorori da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su koma ƙauyuka suna karantar da mata. Ɗansu Abdulƙadir ya yi Waziri, kuma daga tsatson Giɗaɗo da Asma'u Waziri Junaidu ya fito, wanda ya rasu a 1997.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kowannensu kansa ya riƙa ƙara wa ilimi, har ya zama kullum akwai sabon abin da zai kawo wa ɗan'uwansa. Mu kuwa da an ce gyaran aure, sai a juya wa mata lasifika: ki yi haƙuri, ki iya girki, ki yi kwalliya. Gaskiya ne, amma rabin magana ce. Shehu da kansa, a cikin littafinsa Nurul Albab, malamai maza ya zarga da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da na waje.

To, maigida, ina naka rabon? Ka dawo daga kasuwa bayan Isha'i, zafin Sakkwato ya gama gasa ka. Uwargida ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kawo fura mai sanyi, ta ce, "Malam, yau a Islamiyya mun shiga babin gado, akwai inda ya shige mini duhu." Kai kuma ido na kan waya, ka ce "Uhm," ka shanye furar, ka zura takalmi sai majalisa. Ba ka zage ta ba, ba ka hana ta komai ba. Amma ita ta ƙaru yau, kai kana inda kake tun bara. Da ka zauna kun buɗe littafin tare, ko ka ce gobe za ka tambayo mata liman, da hirar ta kai ku sha ɗaya na dare.

Layukanmu a buɗe suke. Yau dai magidanta muke son fara ji, iyaye mata a ɗan yi mana haƙuri.