Tukunyar Iskar Mai Faci Ba Abar Wasa Ba Ce

A bakin titin Kano zuwa Kazaure, cikin garin Ɗanbatta, da wuya ka wuce ba ka ji ƙugin injin mai faci ba. Wasu yaran shagon ɗalibai ne irinku, masu koyon sana'a bayan an tashi makaranta.

Ƙarfin iskar tayar ƙaramar mota bai cika wuce PSI 35 ba, amma na tukunyar injin yakan haura 100. Matsattsiyar iska tana tara ruwa a gindin tukunya, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, wata rana ta fashe.

A Amurka, masu wasan harbin juna da ƙwallayen fenti suna riƙe ƙaramar tukunya mai PSI 3,000 zuwa 4,500. Doka ta wajabta gwada yawancin irinta da ruwa duk shekara 5. In wa'adi ya wuce, ba a cika ta.

Don haka, ɗan koyo, ka riƙa tsiyaye ruwan tukunya kullum da yamma, idonka na kan agogonta. In ta huje, ka faɗa wa maigida. Walda ba ta gyara ta. Kada kuma ka kuskura ka ɗora bakin tiyon a jikin abokinka da sunan wasa, iskar tana iya kisa.