Yadda ake shan maganin olanzapine

Ka sani, ya ɗan'uwa, olanzapine magani ne da likita ke rubuta wa mai taɓin hankali, irin wanda ke jin muryoyin da babu su, ko yake ganin ana farautarsa. Yawanci ana fara wa babba da miligiram 5 zuwa 10 sau ɗaya a rana, galibi da dare tunda yana sa barci, kuma ba a cika wuce 20 ba. Cikakken amfaninsa yakan ɗauki makonni. Yana ƙara ƙiba da sukarin jini, don haka a riƙa gwaji. Babban kuskuren mutane shi ne dainawa da zarar sun ji sauƙi, sai ciwon ya dawo. Kada ka rage ko ka daina sai da izinin likita.